Boksel da Yankin Nazari: Yadda Ake Auna Aikin Harshe a Cikin Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe littafin kimiyyar harshe na zamani, da wuya a ce bai ci karo da hoton ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba, an shafa mata ja da rawaya a wani gefe, sa'an nan an rubuta a ƙasa cewa nan ne wurin da ke aiki idan mutum yana sauraron magana. Irin wannan hoto yana da kwarjini ƙwarai. Ni kaina, ranar da na fara ganinsa, na ɗauka na'ura ce ta leƙa cikin kan mutum ta ɗauko hoton tunaninsa, kamar yadda mai hoto ke ɗaukar ango da abokansa. Sai daga baya na gane cewa launukan nan ƙarshen wani dogon lissafi ne, kuma a ƙarƙashin kowane ɗigon ja akwai lambobin da wani ya zaɓa, ya tara, ya raba. Manufar wannan 'yar muƙala ita ce bin sawun waɗannan lambobi, watau yadda ake samun su, da yadda ake tsamo su daga yankin ƙwaƙwalwar da mai bincike ya sa wa ido, da yadda ake mayar da su kashi cikin ɗari. Abin da nake fata malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su lura da shi shi ne, ingancin lambar da aka fitar a ƙarshe ya rataya ne a kan yadda aka zaɓi yankin tun da farko.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Amsar ita ce, nazarin harshe da nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. A shekarar 1861 wani likita Bafaranshe, Paul Broca, ya duba wani majinyaci wanda yake fahimtar abin da aka faɗa masa, amma kusan ba abin da ke fita daga bakinsa sai gaɓa ɗaya, "tan". Da majinyacin ya rasu, aka buɗe kansa, aka tarar da rauni a gaban ƙwaƙwalwarsa ta ɓangaren hagu. A 1874 kuma Carl Wernicke, Bajamushe, ya bayyana wasu majinyata da magana ke zuba daga bakinsu ba tangarɗa, amma ba ma'ana a cikinta, kuma ba sa gane abin da aka ce musu. Nasu raunin yana can baya-baya, daura da kunnen hagu. Waɗannan likitoci sai sun jira mutum ya cika kafin su ga abin da ke cikin kansa. Mu a yau muna iya kwantar da lafiyayyen mutum cikin na'ura, mu karanta masa jimla, mu auna abin da ya biyo baya.

Abin da na'urar ke aunawa

Na'urar MRI babban maganaɗisu ce mai kogo a tsakiya, inda ake shigar da mutum a kwance. Ana auna ƙarfinta da ma'aunin tesla. Wadda aka fi amfani da ita wajen bincike mai tesla 3 ce, kuma ƙarfinta ya ninka na maganaɗisun duniya kimanin sau dubu sittin. Na'urar tana aika igiyoyin rediyo zuwa ga ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan jiki, sa'an nan ta saurari amsar da suka mayar. Wannan amsa ita ake kira sigina. Paul Lauterbur da Peter Mansfield ne suka share fagen mayar da siginar hoto a shekarun 1970, kuma saboda haka aka ba su kyautar Nobel a 2003.

To, yaya aka yi na'urar da ke sauraron ruwa ta san inda ƙwaƙwalwa ke aiki? Ta hanyar jini ne. Tun a 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka gano cewa himogulobin, watau sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, yakan sake hali a gaban maganaɗisu gwargwadon ko yana ɗauke da iskar ko ya sauke ta. Wanda ya sauke iskarsa yana dagula maganaɗisun da ke kewaye da shi, sai sigina ta raunana. Idan ƙwayoyin jijiya na wani wuri suka kama aiki, jiki yakan turo musu sabon jini fiye ma da abin da suke bukata, sai jinin da ya sauke iska ya ragu a wurin, sigina ta ɗan ɗaga. Seiji Ogawa ya nuna wannan a kan beraye a Amurka a 1990, kuma a 1992 aka wallafa sakamakon farko a kan mutane.

Ke nan na'urar jini take bi, shi kuwa jini yana da nawa. Idan mutum ya ji kalma yanzu, ƙwayoyin jijiyarsa sun amsa tun kafin daƙiƙa ɗaya ta cika, amma sigina ba ta kaiwa ƙololuwa sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6, kuma takan ɗauki fiye da daƙiƙa goma kafin ta koma inda ta taso. Mai karatu ya riƙe wannan jinkiri, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Boksel

Na'urar ba ta ɗaukar ƙwaƙwalwa a dunƙule. Tana yanka ta faifai-faifai, ta kasa kowane faifai zuwa ƙananan akwatuna masu tsawo da faɗi da kauri. Kowane akwati shi ne boksel. Kalmar haɗaɗɗiya ce a Ingilishi, an ɗinke ta daga kalmar da ke nufin girman abu da wadda ke nufin ɗigon hoto. Da harafin "v" take farawa a can, amma tun da Hausa ba ta da wannan sauti, na bi da ita hanyar da aka bi da bidiyo da biza, na kuma yi mata jam'i irin na tasha da tashoshi, watau bokseloli.

Boksel ɗin da aka saba gani yana da milimita 3 ta kowace fuska, bai fi ƙwayar dawa ba. Duk da ƙanƙantarsa, a cikinsa akwai ƙwayoyin jijiya dubban ɗaruruwa, har suna iya haura miliyan, ga kuma jijiyoyin jini da suka ratsa shi. Dukan wannan taro lamba ɗaya tak na'urar ke ba shi a kowane ɗauka. Alal misali, idan faifai yana da bokseloli 64 a tsaye da 64 a kwance, aka kuma yi faifai 30, an sami bokseloli 122,880, ko da yake da yawansu sun faɗa ne a kan ƙashi da iskar da ke wajen kai. Ana maimaita ɗaukar kusan kowace daƙiƙa biyu. A zaman minti goma ke nan kowane boksel ya tara lambobi 300, jimilla sama da lambobi miliyan 36 daga kan mutum guda.

Wani abin lura kuma shi ne, lambar boksel ba ta da ma'auni tsayayye irin na mudu ko awon zafi. Idan wani boksel ya nuna 800, wani ya nuna 1,200, wannan bai nuna cewa na biyun ya fi aiki ba. Mai yiwuwa ya fi kusa da abin sauraron da aka kifa a kan mutum ne, ko kuwa irin naman da ke cikinsa dabam ne. Abin da ke da ma'ana shi ne yadda lambar boksel guda take hawa da sauka a tsawon lokaci.

Kafin a taɓa lissafi, sai an yi wa lambobin gyara. Ana daidaita hotunan domin rage ɓarnar motsin kai, tun da gocewar milimita ɗaya tana iya kawo canjin da ya fi wanda ake nema girma. Ana cire jan-jikin da sigina ke yi a hankali saboda ɗumamar na'ura. Sau da yawa ana lailaye hoton, watau a cuɗa kowane boksel kaɗan da maƙwabtansa. Daga nan sai a miƙe ko a matse ƙwaƙwalwar kowane mutum ta hau kan ƙwaƙwalwar misali guda. Ta farko da ta shahara ita ce taswirar Talairach da Tournoux ta 1988, wadda aka gina a kan ƙwaƙwalwar mace ɗaya mai shekara sittin. A yau an fi amfani da ta cibiyar nazarin jijiyoyi ta Montreal a Kanada, wadda aka samo daga matsakaicin ƙwaƙwalen mutane 152. A kan wannan taswira kowane wuri yana da adireshi na lambobi uku: hagu ko dama, gaba ko baya, sama ko ƙasa.

Yankin nazari

Me ya sa mai bincike ba zai duba dukan bokselolin ba, ya huta da zaɓe? Yana iyawa, kuma ana yi, amma da akwai haɗari. A ce ƙwaƙwalwa ta ƙunshi bokseloli 50,000, aka gwada kowanne bisa sharaɗin da aka saba, wanda ya yarda da kuskure sau biyar cikin ɗari. Ko da babu abin da ke faruwa sam, kimanin bokseloli 2,500 za su ci gwajin bisa sa'a kawai. A 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa suka nuna wa duniya wannan ta wata hanya mai ban dariya. Sun sa mataccen kifi, irin wanda ake kira salmon, a cikin na'ura, suka "nuna" masa hotunan mutane, suka yi lissafi ba tare da gyaran yawan gwaje-gwaje ba, sai ga 'yan bokseloli sun haskaka a cikin kan kifin. Aikin ya samo musu kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2012, amma darasinsa ya shiga.

Hanya ɗaya ta kauce wa wannan ita ce mai bincike ya ce tun farko, ni ga wurin da tambayata ta shafa, can kaɗai zan duba. Wannan wuri shi nake kira yankin nazari. Maimakon gwaji dubu hamsin sai a yi ɗaya ko biyu, kuma da yake ana haɗa bokseloli da yawa a ɗauki matsakaicinsu, ƙurar da ke cikin kowanne takan kwanta.

Ana iya shata yankin bisa taswirar ƙirar ƙwaƙwalwa. Korbinian Brodmann ya kasa ɓawon ƙwaƙwalwa yanki-yanki a 1909 bisa tsarin ƙwayoyinta, ya ba kowanne lamba, kuma har yau yankin Broca ana kiransa da lambobi 44 da 45. Ana kuma iya ɗaukar adireshin da wani bincike na baya ya bayar, a zana ƙwallo a kewayensa. Ƙwallo mai milimita 6 daga tsakiya zuwa baki yana ɗaukar bokseloli 33 masu milimita 3. Waɗannan hanyoyi biyu suna da sauƙi, amma suna da rauni guda, watau ƙwaƙwalen mutane ba su zo ɗaya ba. Katrin Amunts da abokan aikinta sun auna yankuna 44 da 45 a ƙwaƙwale goma a 1999, suka tarar girmansu da iyakokinsu sun bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Adireshin da ya faɗa tsakiyar wurin harshe a kan Audu yana iya faɗawa gefensa a kan Binta.

Hanyar da ni dai ta fi gamsar da ni ita ce a nemo yankin a kan kowane mutum ta hanyar aikin da yake yi. Nancy Kanwisher ta yi suna da wannan a 1997, lokacin da ta ware wurin da ya fi amsa hotunan fuskoki. Evelina Fedorenko da abokan aikinta suka kawo dabarar fagen harshe a 2010: a ba mutum jimloli masu ma'ana, a kuma ba shi jerin kalmomin banza masu kama da na harshen, sa'an nan a ware bokselolin da suka fi amsa jimlolin. Da Hausa, misali, sai a gwama "Manomi ya kai gero kasuwa ran Laraba" da wani abu kamar "dafuri lankaso mibe tarkumi". A 2012 suka nuna cewa a cikin yankin Broca kansa akwai ɓangaren da ya keɓanta da harshe, maƙale da wani da ke amsa kowane aiki mai wuya, ko lissafi ne ko riƙe abu a ka. Duk wanda ya ɗauki yankin 44 gaba ɗaya ya yi matsakaici, ya haɗa gero da dawa a mudu ɗaya ke nan. A 2022 kuma aka wallafa gwajin wannan hanya a kan harsuna 45, cikinsu har da Suwahili da Larabci da Ibrananci, biyun ƙarshe dangin Hausa ne a zuriyar harsunan Afirka da Asiya, aka tarar wuraren harshe suna nan a gaba da gefen ƙwaƙwalwa, sun kuma fi ƙarfi a hagu.

Tsamo lambobi da lissafin canji

Da zarar an tsai da yanki, sai a yi masa abin da zan kira rariya. Hoto ne mai girma ɗaya da na ƙwaƙwalwar, amma kowane boksel nasa ɗaya ne ko sifiri: ɗaya ga na cikin yankin, sifiri ga na waje. Idan aka ɗora rariyar a kan bayanan, lambobin yankin kaɗai ke wucewa. Manhajojin da ake wannan aiki da su sanannu ne: SPM ta Landan da ƙarinta mai suna MarsBaR, da FSL ta Oxford, da AFNI ta Amurka. Kuskuren da ya fi kama sabon shiga shi ne ɗora rariyar da aka yi a kan taswirar misali bisa hoton da ba a riga an miƙe shi ya hau taswirar ba. Kwamfuta ba lalle ta yi gardama ba, lambobi za ta ba ka, na wani wuri dabam.

A ce yankinmu yana da bokseloli 33. A kowane ɗauka sai a tara lambobinsu a raba da 33, a sami lamba ɗaya. A ƙarshen zaman minti goma muna da jeri guda mai lambobi 300. Yanzu sai a ware waɗanda suka faɗo lokacin da mutum ke sauraron jimloli da waɗanda suka faɗo lokacin da yake kwance shiru, ba tare da an manta da tura lissafin gaba da daƙiƙa biyar ko makamancin haka ba, saboda nawar jini. Misali, a ce matsakaicin lokacin shiru 1,000 ne, na lokacin jimloli kuma 1,008. Bambancin 8 ne. A raba 8 da 1,000, a ninka da 100, an sami 0.8 cikin ɗari. Wannan shi ne canjin sigina, kuma amfaninsa shi ne ana iya gwama shi tsakanin mutane, tun da rabawar ta kawar da matsalar rashin ma'auni da muka ambata. Kada mai karatu ya raina ƙanƙantar lambar. A irin waɗannan gwaje-gwaje canjin ba ya cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, sau da yawa ma bai kai ɗaya ba. Jan nan mai kama da gobara a hoton littafi, abin da ke ƙarƙashinsa ke nan.

Amma 0.8 ɗin nan bisa me? A ce lokacin kalmomin banza matsakaicin ya kai 1,005. Idan da su aka gwama jimlolin, bambancin 3 ne kawai, watau 0.3 cikin ɗari. Duka lambobin biyu daidai suke, tambayoyinsu ne suka bambanta: ta farko ta haɗa da aikin jin sauti, ta biyun ta cire shi ta bar ma'ana da ginin jimla. Har wa yau, shirun ma ba wofi ba ne. Marcus Raichle da abokan aikinsa sun bayyana a 2001 cewa akwai wuraren da suka fi aiki lokacin da mutum ke kwance yana saƙe-saƙe, sai su lafa idan aka ba shi abin yi, har canjinsu ya fito ƙasa da sifiri. Saboda haka adadin canji da ba a faɗi abin da aka gwama shi da shi ba, bai gaya wa mai karatu kome ba. A aikace masu bincike sun fi fitar da adadin ta hanyar daidaita jerin lambobin da siffar martanin jini da ake tsammani, kuma a nan manhajoji sukan saɓa wajen yadda suke auna tsayin siffar, musamman idan abin da aka ji gajere ne kamar kalma ɗaya. Wannan ya sa gwama adadin wani bincike da na wani yake bukatar hattara.

Tarkon da ke cikin zaɓe

Mu ɗauka malami yana da ɗalibai 500, ya yi musu jarrabawar "gaskiya ko ƙarya" a kan darasin da bai taɓa koya musu ba. Kowa canki-canka ya yi. Duk da haka wasu za su ci maki mai yawa bisa sa'a. Idan malamin ya tsince goman farko, ya ɗauki matsakaicin makinsu na wannan jarrabawa, ya je ya ce ga hazikai ya gano, me za mu ce masa? Za mu ce ya sake yi musu wata. Da ya sake, za su gangaro cikin jama'a.

Haka abin yake ga bokseloli. Idan mai bincike ya duba hotonsa, ya ga inda ya fi haske, ya kewaye wurin ya kira shi yankin nazari, sa'an nan ya tsamo canjin sigina daga waɗannan bayanai dai da ya yi zaɓen da su, to adadin da zai samu ya kumbura. Ya zaɓi bokselolin ne saboda sun yi sama, kuma wani ɓangare na hawan nasu sa'a ce. Ba sai mutum ya yi niyyar maguɗi ba kafin ya faɗa wannan rami, shi ya sa ya ci mutane da yawa. A 2009 Edward Vul da abokan aikinsa suka bi muƙalu 55 da suka bayar da rahoton dangantaka mai ƙarfi tsakanin aikin ƙwaƙwalwa da halayen mutane, suka tarar fiye da rabinsu sun yi irin wannan zaɓe. A shekarar dai Nikolaus Kriegeskorte da nasa abokan suka duba muƙalu 134 da manyan mujallu biyar suka buga a 2008, suka sami matsalar a kashi 42 cikin ɗari. Kiran da suka yi wa abin yana nufin tsoma hannu sau biyu a akushi ɗaya.

Maganin ba shi da wuya, sai dai yana cin lokaci da kuɗi. Bayanan da aka zaɓi yanki da su dabam, waɗanda za a auna canji da su dabam. Ana iya yin zama na musamman domin nemo yankin, ko a raba zaman gida biyu, a zaɓa da rabi a auna da rabi, ko a rubuta adireshin yankin a ajiye a bainar jama'a tun kafin a ɗauki hoton kowa.

A ce wani daga cikinmu yana son ya san ko wuraren harshe na ɓangaren hagu suna amsa karin sautin Hausa, watau abin da ya raba "wuya" ta jiki, mai hawa da sauka, da "wuya" ta wahala, mai sauka da hawa. Sai ya fara da zaman jimloli da kalmomin banza, ya fitar wa kowane mutum rariyarsa, ya ajiye. A zama na biyu ya sa masu magana da Hausa su saurari tagwayen kalmomin, ya kuma kawo waɗanda ba su jin Hausa su saurari sautukan dai, domin a rarrabe abin da kunne ke yi da abin da sanin harshe ke yi. Jackson Gandour ya bi irin wannan tsari a kan harshen Tailan da na Sin, ya tarar masu harshen sun fi dogara da ɓangaren hagu wajen rarrabe karin sauti fiye da baƙinsa. Sauran matsala ɗaya: na'urar tana da ƙara mai tsanani, tana iya wuce desibel 100, kuma wannan ƙara za ta danne ɗan bambancin da ke tsakanin hawa da sauka. A nan nawar jini take zama alheri. Sai a tsai da ɗauka, a furta kalmar cikin shiru, a jira daƙiƙa biyar, sa'an nan a ɗauki hoto guda daidai lokacin da sigina ta kai ƙololuwa. Deborah Hall da abokan aikinta sun bayyana wannan dabara a Ingila a 1999. Farashinta shi ne lambobin da kowane boksel zai tara za su ragu ƙwarai, don haka sai an tsawaita zaman ko an ƙara yawan mutanen da za a gwada.